Hukuncin da ya wuce kan mai laifi

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta rufe ƙungiyar wata jami'a, ita kaɗai ke ɗanɗana kuɗarta. Abin da ya faru da jami'ar Southern Methodist (SMU) ta birnin Dallas ya nuna akasin haka. A 1987 aka soke mata kakar ƙwallon Amurka gaba ɗaya saboda biyan 'yan wasa kuɗi a ɓoye, ita kuma ta janye daga kakar 1988.

Sauran jami'o'i takwas na rukunin Southwest, wato rukunin gasar da SMU ke ciki, waɗanda ba su da hannu a wannan laifi, kowacce ta rasa wasanta da SMU a jadawalinta, kuma sunan rukunin ya zube a idon masu talabijin. Da SMU ta dawo a 1989 ta yi rauni har jami'ar Houston ta ci ta 95 da 21, wasan da bai amfani kowa ba. Jami'ar Arkansas ta fice daga rukunin, sannan rukunin ya watse a 1996, ko da yake rabon kuɗin talabijin ma ya taimaka wajen rushewarsa.