Tsayawar nan da kuke rainawa, ita ce kiɗan

Waɗanda muke tare a majalisa daren jiya sun san abin da ya faru, ba sai na kama sunan kowa ba. Na kunna kiɗan Poinciana na Ahmad Jamal, makaɗin fiyanon jazz ɗan Amurka, ko minti biyu ba a yi ba wani bawan Allah ya ce a kashe, wai wannan ai kiɗan otal ne, irin wanda ake sa wa masu cin abinci don kada a ji ƙarar cokali. Na kusa da shi ya ƙara da cewa mai fiyanon ma kamar bai gama koyo ba, sai ya taɓa ya tsaya, ya taɓa ya tsaya. Aka yi dariya. Ni kam na kwana da abin a raina.

Malam, tsayawar nan da ka raina, ita ce kiɗan. Mutumin da ya fara taɓa fiyano yana ɗan shekara 3 a Pittsburgh, yatsunsa sun fi bakinka sauri, shi za ka ce bai iya ba? Da ya ga dama da ya cika maka kunne har ka nemi ruwa. Da gangan yake ɗage hannu.

Eh, a otal aka ɗauki faifan da Poinciana ke ciki, ban musa ba. Otal ɗin Pershing ne a Chicago, ranar 16 ga Janairun 1958, shi ya sa sunansa At the Pershing: But Not for Me. Mutum uku ne kacal: Jamal a fiyano, Israel Crosby a kan ƙatuwar bes ɗin nan, mai tsirkiya da kaurin sauti, da ake kaɗawa a tsaye, sai Vernel Fournier a ganguna. Kiɗa 8 aka zaɓa, duka faifan bai wuce rabin awa da kaɗan ba, amma ya yi sama da shekara biyu a jerin faifan da suka fi kasuwa a Amurka. To don an ɗauke shi a otal sai ya zama na cin shinkafa?

Ku koma ku saurari Poinciana, minti 8 ne, ba zai cinye muku data ba. Fournier ɗan New Orleans ne, kuma bugun da ya shimfiɗa a ƙasa daga kiɗan jerin gwanon titunan garinsu ya samo shi. Yana riƙe da shi daga farko har ƙarshe, ba ya saki. Crosby na maimaita ɗan gajeren zubi, yana juya shi a hankali. Shi kuwa Jamal sai ya jefo ƴan sautuka can sama, siriri, ya janye. A wannan gurbin da ya bari ne za ka ji gangar tana numfashi, ka ji bes ɗin yana tafiya kamar mai taku da rawani. Sai ka fara jiran dawowarsa, ka ƙagu, har ka matso. Idan ya dawo da hannu biyu, tsikar jikinka sai ta tashi. Ni wallahi duk lokacin da na kai wurin nan sai na ajiye abin da ke hannuna. Da bai tsaya ba, da me zai dawo?

Za a ce mini ai ko a can ma akwai masu sharhin da suka kira shi makaɗin wurin shaƙatawa. Na sani, an yi. Ina suke yau? Miles Davis, shahararren mai busa ƙahon jazz, da kansa bai ɓoye cewa ya ɗauki darasi daga yadda Jamal ke barin sarari a kiɗa ba, har ya ɗauki kiɗan New Rhumba, wanda Jamal ya tsara, ya sa a faifansa Miles Ahead a 1957. Tsakanin kunnen Miles da na mai sharhi, kun san wanda zan bi. Masu cewa babu waƙa a ciki, ba su gane abin da ake faɗa ba, wannan kuma ba hujja ba ce. Mu da muka tashi muna jin kalangu yana kiran sunan mutum ba tare da an buɗe baki ba, mu ne za mu ce sai da murya?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a lasifikar waya aka saurara, wadda ba ta fitar da bes ko kaɗan. An cire Crosby gaba ɗaya, sannan aka ce akwai rami a kiɗan. Dole ka ji rami mana. Nemi abin sawa a kunne mai kyau, ka bari sai dare ya yi tsit, sannan ka zo mu yi magana.

Af, da yawa ba su ma san Jamal Musulmi ba ne. Sunansa na haihuwa Frederick Russell Jones, ya musulunta a 1950, ya rasu a watan Afrilun 2023 yana da shekara 92, Allah Ya jiƙansa. Da kuɗin faifan nan suka shigo, sai ya buɗe nasa gidan kiɗan a Chicago mai suna Alhambra, ya ce ba za a sayar da giya a ciki ba. Wurin bai daɗe ba ya rufe. Amma kafin a rufe sun ɗauki wani faifan a ciki a 1961, su ukun dai, kuma shi zan kawo majalisa ranar Asabar, da lasifikata.