Ahmad Lawan da darajar daɗewa a majalisa

Mazauna Kumasi sun san abin da ake nufi da ɗan majalisar da ya daɗe. Osei Kyei-Mensah-Bonsu ya shiga majalisar dokokin Ghana a 1997 daga yankin Suame, bai bar ta ba sai a farkon 2025, Muntaka Mubarak kuma yana riƙe da kujerar Asawase tun zaɓen cike gurbi na 2005. Duk lokacin da zaɓen fitar da gwani ya matso, musu ɗaya ne ke tashi a wuraren shan ataya na Aboabo da Sabon Zango: wasu na cewa wanda ya daɗe shi ne ya san hanya, wasu na cewa ya isa haka, a bar wa yara. Rayuwar siyasar Sanata Ahmad Ibrahim Lawan na Najeriya tana da abin da za ta ƙara wa wannan musu, domin ta nuna amfanin daɗewar da kuma inda amfanin nata ke tsayawa.

An haife shi a Gashuwa, cikin jihar Yobe ta yanzu, a 1959. Ya karanta ilimin ƙasa a Jami'ar Maiduguri, ya yi digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sannan ya samo digirin digirgir a Jami'ar Cranfield ta Ingila a 1996, a fannin nazarin doron ƙasa ta hotunan tauraron ɗan'adam. Malamin jami'a ne kafin siyasa ta ɗauke shi a 1999, shekarar da soja suka miƙa mulki, inda mutanen Bade da Jakusko suka tura shi Majalisar Wakilai a ƙarƙashin jam'iyyar APP, wadda ta koma ANPP daga baya. A 2007 ya haura Majalisar Dattawa yana wakiltar Yobe ta Arewa, kuma tun 1999 ba a taɓa yin majalisar tarayya da ba ya cikinta ba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne shekarunsa 16 na farko a ɓangaren adawa ya yi su, lokacin da PDP ke riƙe da Abuja. A wannan zamanin ne ya shugabanci kwamitin bin diddigin asusun gwamnati na Majalisar Dattawa, kwamitin da ake bar wa 'yan adawa kamar yadda muke yi a nan Ghana. Aikin kwamitin ba mai farin jini ba ne, karatun rahoton babban mai binciken kuɗi ne shafi bayan shafi, da kiran manyan sakatarori su zo su faɗi inda kuɗi ya shiga. Wanda ya yi shekaru yana wannan aiki ba zai ce bai san ƙofofin da dukiyar jama'a ke zurarewa ta cikinsu ba, kuma da wannan ma'aunin ya kamata a auna abin da ya biyo baya.

A ranar 9 ga Yuni 2015 shi ne ɗan takarar da uwar jam'iyyar APC ta tsayar don shugabancin Majalisar Dattawa, amma yayin da shi da magoya bayansa ke zaune a cibiyar taro ta ƙasa da ƙasa ta Abuja suna jiran ganawa da Shugaba Buhari, sai Bukola Saraki ya haɗa kai da sanatocin PDP aka zaɓe shi a zauren majalisa. Shekaru huɗun da suka biyo baya na kai ruwa rana ne tsakanin fadar shugaban ƙasa da majalisa. Kasafin kuɗin 2017 bai samu sa hannu ba sai a watan Yuni, na 2018 ma haka, gyaran dokar zaɓe kuwa ya yi ta kai-komo har aka shiga zaɓen 2019 ba tare da shi ba. Lawan ya zama jagoran masu rinjaye a Janairun 2017, sannan a ranar 11 ga Yuni 2019 ya doke Ali Ndume da ƙuri'a 79 da 28, ya hau kujerar da ta kuɓuce masa. Alƙawarinsa bai ɓoye shi ba: majalisa za ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ɓangaren zartarwa.

Adalci ne a ce wannan zaman lafiyar ya haifar da abin nunawa. An sa hannu kan kasafin 2020 tun a Disamban 2019, aka mayar da shekarar kuɗi ta fara daga Janairu, abin da duk ɗan kwangila da ɗan kasuwa ya san muhimmancinsa. Dokar sake fasalin harkar man fetur, wadda aka fara kai wa majalisa tun 2008 tana mutuwa tana tashi, ta zama doka a Agustan 2021, sabuwar dokar zaɓe kuma ta samu sa hannu a Fabrairun 2022. Ba kuma kowace buƙata ce majalisar ta amince da ita ba, domin a Yulin 2021 ta ƙi tabbatar da Lauretta Onochie, mai taimaka wa shugaban ƙasa, a matsayin kwamishiniyar hukumar zaɓe. Waɗannan dokoki ba aikin sabon shiga ba ne. Sai wanda ya san inda kowane ƙuduri ya maƙale a baya, ya kuma san wanda za a lallaɓa da wanda za a yi ciniki da shi, zai iya fitar da su, kuma a nan masu kare daɗewa suna da hujja mai ƙarfi.

Amma 'yan Najeriya da dama sun laƙaba wa majalisar tasa sunan 'yan amshin shata, kuma a ganina batun bashi ya ba su gaskiya. A Nuwamban 2016 majalisar Saraki ta mayar wa Buhari da buƙatarsa ta ciyo bashin kusan dala biliyan 30 saboda babu cikakken bayani a tare da ita. A Maris 2020 majalisar Lawan ta amince da dala biliyan 22.7 daga cikin wannan shiri, duk da ƙorafin sanatocin adawa. Zuwa ƙarshen 2022 ofishin kula da basussuka na Najeriya ya ce bashin ƙasar ya kai naira tiriliyan 46.25, wannan kuma ban da abin da gwamnati ta ranta a Babban Bankin ƙasar.

Wannan rancen na Babban Banki shi ne ainihin maganar. Sashe na 38 na dokar bankin ya halatta a ba gwamnati rancen toshe giɓi na ɗan lokaci, da sharaɗin kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata, kuma a biya shi kafin shekarar ta ƙare. Gwamnatin Buhari ta yi ta ɗiba shekara bayan shekara har ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7, ba tare da majalisa ta tsayar da ita ba. Da aka kawo buƙatar mayar da shi bashi mai dogon zango a Disamban 2022, zauren ya hargitse, wasu sanatoci suka nemi a nuna musu abin da aka yi da kuɗin, aka ɗage maganar. A farkon Mayun 2023, saura 'yan makonni gwamnatin ta sauka, majalisar ta amince a mayar da shi takardun lamuni na shekara 40 a kan ruwa kashi 9 cikin 100. Ma'ana, an karya doka a gaban majalisa, sannan majalisar ta zo ta wanke laifin, ta ɗora biyan a kan yaran da ba a haifa ba tukuna. Kuɗin da Babban Banki ya ƙirƙira ba tare da kaya ko aiki a bayansa ba a farashin abinci yake fitowa, kuma masu canji a Alabar da fataken da ke zirga-zirga tsakanin Kumasi da Legas da Kano sun ga yadda naira ta riƙa saki a hannunsu. Ba za a ce shugaban majalisar bai fahimci lissafin ba. Tsohon shugaban kwamitin asusun gwamnati ne.

Kada mu yi wa maƙwabta dariya, domin abin ya faru a gidanmu. Dokar Babban Bankin Ghana, bayan gyaran 2016, ita ma iyakar kashi 5 cikin 100 ta sa, aka kuma tsallake ta nesa ba kusa ba, har bankin ya bayyana asarar sidi biliyan 60.8 a 2022, shekarar da ta ƙare da shirin sauya takardun lamunin cikin gida wanda ya kai tsofaffin ma'aikata yin zaman dirshan a gaban ma'aikatar kuɗi a Accra. Abin mamakin shi ne majalisarmu a lokacin ba ta amshin shata ba ce a fuska: kujeru 137 da 137 ne da ɗan indifenda ɗaya, kakakinta Alban Bagbin daga adawa ya fito, an ma ba hamata iska a zauren kan harajin tura kuɗi ta waya a Disamban 2021. Hayaniyar ta yi yawa, gogaggu sun cika zauren, amma bashin ya wuce. Tsarin mulkinmu ma ya ƙara dagula lamarin da ya ce yawancin ministoci daga cikin 'yan majalisa za a ɗauko su, ta yadda mai sa ido yana kuma jiran kiran waya daga wanda yake sa wa idon. Mu kuma masu zaɓe, in za a faɗi gaskiya, shinkafar azumi da kujerar Hajji da kuɗin makarantar yara muke tambayar ɗan majalisa idan ya zo gida, da wuya ka ji an tare shi a wajen ɗaurin aure ana tambayarsa yadda ya kaɗa ƙuri'a kan wata yarjejeniyar bashi.

Akwai kuma abin da daɗewa ke yi wa ita kanta kujerar. A 2022 Lawan ya nemi takarar shugaban ƙasa, shugaban APC Abdullahi Adamu har ya ayyana shi ɗan takarar maslaha, gwamnonin Arewa suka ƙi, ya zo na huɗu da ƙuri'a 152 yayin da Bola Tinubu ya samu 1,271. Kafin nan Bashir Machina ya riga ya lashe zaɓen fitar da gwani na APC na kujerar sanatan Yobe ta Arewa, wanda Lawan bai shiga ba, amma sunan Lawan jam'iyya ta miƙa wa hukumar zaɓe. Babbar kotun tarayya ta Damaturu ta ba Machina gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, sai Kotun Ƙoli a ranar 6 ga Fabrairu 2023, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, ta rushe hukuncin bisa dalilin cewa hanyar da aka bi wajen shigar da ƙarar ba ita ce ta dace ba. Hukuncin kotu ne, ya zauna daram, kuma mutanen Yobe ta Arewa sun sake zaɓensa a babban zaɓe. Sai dai mutumin da ya jagoranci rubuta dokar zaɓen 2022, wadda ɗaya daga cikin manufofinta ita ce hana jam'iyyu sauya sunan wanda wakilai suka zaɓa, shi ne ya fi kowa cin gajiyar tsallake manufar.

Yanzu yana shugabantar kwamitin tsaro a majalisar da Godswill Akpabio ke jagoranta. A Fabrairun 2024 wannan majalisar ta kafa kwamiti na musamman don ya binciki yadda aka karɓi rancen Babban Banki da yadda aka kashe shi, wato tambayar da sanatocin adawa suka yi a Disamban 2022 lokacin da amsarta za ta iya hana amincewa, kuma sanatoci da dama da suka goyi bayan binciken suna cikin waɗanda suka amince da bashin watanni tara kafin nan.