Kai mai taƙama, tsawonka nawa ne?

Salamu alaikum 'yan uwa. Yau da safe wajen babbar kasuwa na ga abin da ya tsaya mini a rai. Ruwan jiya ya kwanta bakin gudron, wata tsohuwa na zaune da tiren ƙuli-ƙuli, sai ga wani saurayi cikin sabuwar mota ya ratsa ruwan da gudu ya watsa mata laka har cikin tire. Kuma ya tsaya fa, kar ku ce bai gani ba. Ya sauke gilas ya dube ta sama da ƙasa ya ce wai mi ya zaunar da ita nan. Ita ko gefen zanenta ta sa tana goge tiren tana cewa "ba komi ɗana, Allah shi kiyaye hanya."

Wallahi girman kai ya yi mana yawa a garin nan namu na Maradi. Mai kuɗi na yi, mai takarda na yi, wanda ya je Umra sau biyu na yi, har wanda ya haddace 'yan hizibai sai ka gaishe shi ya amsa maka da hanci. Haba bayin Allah! Ayar nan ta Suratul Isra'i duk mun san ta tun muna makarantar allo, kar ka yi tafiya a ban ƙasa da taƙama, ba za ka tsaga ƙasa ba kuma ba za ka kai duwatsu tsawo ba. Amma mun taɓa zama mun auna duwatsun nan da ake faɗi?

Tsaunin Bagzan da ke yankin duwatsun Ayar, can Agadas cikin ƙasarmu, ƙololuwarshi mita 2,022 ce sama da teku. Tudun Jos a Najeriya ya haura mita 1,200, shi ya sa sanyin garin ya fita daban. Kilimanjaro na Tanzaniya mita 5,895, kusa da tsakiyar duniya inda rana ke duka amma ƙanƙara na kwance bisa kanshi. Maradi gaba ɗayanta ba ta kai mita 400 ba, kai kuma ko ka ɗora hula ka hau takalmi mai tsini ba ka cika mita 2 ba. To ina abin ɗaga kafaɗa ɗan uwa, ina?

Kuma ku duba yadda Allah ya tsara ƙasar, ruwa bai zama bisa tudu. Tsaunukan Gine ne ke karɓar ruwan sama amma gangarowa yake ya zama kogin Kwara, ya bi Mali ya ratsa Yamai ya wuce Najeriya, tafiyar sama da kilomita 4,000. Tsaunukan Habasha su ma haka, ruwansu ke gangara cikin Nilu har Masar ta ci abinci. Mu nan ma gulbinmu daga wajen Katsina yake zuwa, kuma ina albarkar take? Cikin fadama, can ƙasa inda ake tumatir da albasa da zogale da mangwaro. Zuciya ma haka take, wadda ta ƙanƙan da kai ita ke tara alheri, mai ɗagawa sai dai ya wuce ta.

Ku tambayi tsofaffi labarin 1945, lokacin da gulbi ya cika ya cinye tsohon gari da ke cikin kwari, dole aka hauro tudu aka sake gini. Wannan tudun da muke jera benaye muna hura hanci bisa shi, ruwa ne ya koro kakanninmu zuwa nan, da mai doki da mai jaki duk tare suka hau.

Ni dai tsoro nake ji mana, hadisin nan na ƙwayar zarra ta girman kai ba wasa ba ne. Don Allah in ka san akwai ɗan uwanka na ƙauye da ka bar ɗaukar wayarshi tunda ka samu, kira shi yau. Hajiya, 'yar aikin gidanki ɗiyar wani ce, ki kira ta da sunanta. Malam, in yaro ya rigaka sallama ka amsa da fara'a, in bai yi ba kai ka yi mishi. Don girman Allah mu sauko, mu sauko tun muna da numfashi.