Ku ƙyale bulon titi, ba shi ya lalata bututun ruwa ba

Tun da aka gama aikin titin Saginaw a tsakiyar birnin Flint da ke jihar Michigan ta Amurka nake jin wata magana tana yawo, kuma duk sanda na ji ta sai raina ya ɓaci. Wai garin da yaransa suka sha gubar dalma a ruwan famfo ina shi ina kashe kuɗi wajen tsince tsohon jan bulo ɗaya bayan ɗaya ana mayarwa, ai da an kwashe an zubar an malala kwalta kowa ya huta. Masu faɗin haka da muryar tausayin talaka suke faɗa, shi ya sa take saurin shiga kunne. Amma tsakani da Allah wanda duk ya faɗi haka bai leƙa ramin da aka haƙa ba.

Aikin an fara shi a 2023 aka ƙarasa a 2024, daga titin Court har bakin kogin Flint, kuma bulon da ke shimfiɗe a wajen ya kai wajen 750,000, titin da tun 1898 aka fara jera masa bulo, shekara goma kafin a kafa kamfanin motoci na General Motors a garin. Da aka ɗage bulon an canza babban bututun ruwan da ke ƙarƙashi, an canza na gas, an gyara hanyoyin wayar lantarki, sannan aka yi sabon gado, wato shimfiɗar da bulon ke zama a kai, aka mayar da bulo. To ina maganar ruwa ko bulo a nan? Haƙa ɗaya aka yi, aka biya buƙatar ƙasa da ta sama gaba ɗaya.

Na bi ta wajen ana tsakiyar aikin, na tsaya bayan shinge na fi rabin awa ina kallo. Bulo ne jibge a kan katako an jera shi tsaf, jajaye da masu duhu kamar hanta, gefunansu sun yi sumul saboda tayoyin da suka bi ta kansu shekara da shekaru. Can ƙasa cikin rami ga mutane da hular kwano suna ta fama da bututu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, kayan da aka cire daga saman titin ana lallaɓa su ne saboda za su koma bakin aiki. Ka taɓa ganin an lallaɓa ɓaraguzan kwalta? Katafila ce ke kwasa ta zuba a tifa a yi gaba da shi.

Kuma tunda suna son kawo maganar gubar dalma, to mu yi ta. Mu da muka san abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana bayanin zafin abin ba. A watan Afrilun 2014 aka juya ruwan Flint daga na birnin Detroit zuwa na kogin garin don a rage kashe kuɗi, lokacin garin yana hannun kantoman da gwamnatin jiha ta naɗa, kuma ba a zuba sinadarin da ke hana ruwa cin cikin bututu ba. Ruwan ya dinga zaizaye tsofaffin bututun dalma da ke shiga gidaje yana kai wa mutane har cikin kofi. Sai a watan Satumban 2015 da likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito da sakamakon gwajin jinin yara sannan aka fara jin kunya, a watan Oktoba aka koma ruwan Detroit. Mutum 12 aƙalla suka mutu da cutar huhu ta Legionnaires a wannan tsakanin, daga baya a 2021 kotu ta amince da diyyar dala miliyan 626. Wane bulo ne ya jawo wannan? Son araha ne ya jawo, irin lissafin nan na a duba abin da za a kashe bana kawai a rufe ido a kan na baɗi. Shi ne dai lissafin da yanzu ake so a auna titin da shi, an bar jaki ana ta dukan taiki.

Abin da na fi so mutane su gane shi ne titin bulo titi ne mai buɗuwa ya rufu. Duk bututun da ka binne wata rana sai ka koma masa, ko ya fashe ko ya toshe ko an zo da sabon kebul na intanet ana neman inda za a bi da shi. In kwalta ce sai an kawo injin yanka an tsaga ta, in an gama a yi faci, kuma bakin facin nan ta nan ruwa zai dinga shiga, a ƙasa irin Michigan da ruwa ke daskarewa da hunturu ya kumbura ya narke ya sake daskarewa, kafin ka ankara wajen ya zama rami. Ba banza ba Gretchen Whitmer ta yi yaƙin neman zaɓen gwamna a 2018 da alƙawarin gyaran tituna, kowa a jihar ya san abin da ramuka ke yi wa mota. Shi kuwa bulo ɗaga shi za ka yi ka ajiye a gefe, ka yi aikinka, ka daddaɓe ƙasa ka baje yashi ka mayar da shi inda yake, ka share yashi ya cike tsakankaninsa. Mutanen Holan a haka suke rayuwa, unguwannin Amsterdam cike suke da titin bulo a kan yashi, jera shi ma sana'a ce mai zaman kanta da ake koyo, kuma ba wanda zai ce musu ba su san aikin ruwa da bututu ba.

Eh na sani, za a ce ai ga titunan bulo nan duk sun lotsa sun yi tudu da kwari mota na rawa a kai. Gaskiya ne, amma je ka duba inda ya lotsa ɗin, sau da yawa daidai inda aka taɓa haƙawa ne. A unguwar da na taɓa zama akwai ɗan guntun layi na bulo, wata rana wani kamfani ya zo gyaran bututu, suka fasa da injin haƙa ba tare da sun ɗaga ko bulo ɗaya da hannu ba, da suka gama suka tura ƙasa suka zuba baƙar kwalta a tsakiyar jan titi kamar an yi wa shadda faci da buhu. Bulon da suka fasa a bola ya ƙare. Damina ɗaya facin ya nutse, ruwa ya dinga kwanciya, na gefensa suka fara girgiɗi suna zamewa, wata dattijuwa maƙwabciyarmu mai tafiya da sanda ta daina bi ta wajen kwata-kwata sai ta zagaya. Bayan shekara biyu wani kamfanin daban ya zo ya haƙa taku kaɗan daga nan. Irin wannan titin ne ake ɗauka hoto a kai gaban majalisar gari a ce kun gani, bulo ba ya ƙarko. Wallahi wannan zalunci ne, ka lalata abu da hannunka sannan ka tsaya kana ba da shaida a kansa.

Maganar tsada kuwa ba na musu, jera bulo aikin hannu ne, yana cin lebura yana cin lokaci, ranar farko ya fi kwalta kuɗi nesa ba kusa ba. Amma kwalta bayan shekara 15 zuwa 20 sai an kankare ta an sake shimfiɗawa, alhali gasasshen bulon titi yana haura shekara 100 ana juya shi ana mora. Wanda ya kawo maka lissafin shekarar farko kawai ya ɓoye maka sauran, ba gaskiya yake nema ba. Masu keken guragu da tsofaffi su ne suke da ƙorafi na gaske, kuma maganinsa gado mai kyau ne da wajen tsallakawa mai santsi. Su kuma 'yan a-bar-shi-yadda-kakanni-suka-bari da ba sa so a taɓa ko bulo ɗaya ko da bututu na yoyo a ƙasa, ba na tare da su, tarihi ba ya shayar da kowa ruwa.

Sannan akwai abin da masu lissafin nan ba sa sakawa a takarda. Flint gari ne da ya kusa kai mutum 200,000 a 1960, a ƙidayar 2020 ya dawo wajen 81,000, masana'antu sun rufe, unguwanni sun zama kango. Cikin ɗan abin da ya rage wanda ke jawo mutane su dawo tsakiyar gari har da bikin tsofaffin motoci na Back to the Bricks da ake yi duk watan Agusta, sunan bikin ma daga bulon aka samo shi, a kansa ake jera motocin. Masu shago da masu abinci a titin sun san abin da wannan makon yake kawo musu. Haka unguwar German Village a Columbus ta jihar Ohio, mazauna ne suka tashi tun 1960 suka hana a rushe ta, yau titunan bulonta ne ake zuwa gani. Talaka ma yana da haƙƙin garinsa ya yi kama da garinsa.

Inda ban ji daɗin aikin Flint ba shi ne mahaɗar tituna, da aka zuba kankare aka buga masa zanen bulo wai don ya jure juyawar manyan motoci. Dalilin na fahimce shi, amma ina tsoron kar wasu garuruwan su ga haka su ce to ai ga mafita, a yi wa titi gaba ɗaya zane. Kankare mai zane ranar da bututu ya fashe a ƙarƙashinsa fasa shi za a yi, kuma facin ba zai taɓa dacewa da na gefensa ba, an rasa amfanin an riƙe kamanni kawai.

Abin da ya kamata ba wani mai wahala ba ne. Duk kamfanin da zai haƙa titin bulo a rubuta masa a takardar izini cewa da hannu zai ɗaga kuma shi zai mayar, ya ajiye kuɗin jingina sai an ga yadda wajen ya kwana bayan shekara. Masu ruwa da masu gas da masu waya a tara su su shiga rami ɗaya lokaci ɗaya. Gari ya samu fili yana tara duk bulon da aka cire. Mu ma da ake ta shimfiɗa mana intalok a lungunan Kano da Kaduna abin ya shafe mu, don na sha ganin an ɗaga intalok za a ja famfo zuwa gida, a gama a bar shi jibge a jikin katanga har yara su kwashe suna wasa da shi, ramin kuma a cike shi da ɓaraguzai.