Alhaji a Garin Mayu

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba, dajin Tikal, arewacin Gwatamala. Turawa na gaba, kowa da jakar goyo da tocila a goshi. A can baya Alhaji ne, cikin babbar riga ta shadda da hula zanna, yana jan akwati mai taya wanda saiwar bishiya ta riga ta cinye wa taya ɗaya.

ƊAN BOKO: Kawu, tun a Fulores na ce ka bar akwatin nan a masauki. Da jakar goyo ake irin wannan yawo.

ALHAJI: Goyo? 'Ya'ya goma sha tara na haifa, ban goyi ko ɗaya ba, sai na zo ƙasar mutane in goyi jaka?

ƊAN BOKO: To da ka kulle shi a ɗaki.

ALHAJI: Wane ɗakin? Wanda mutum goma sha biyu ke kwana a kan gado mai bene, namiji da gashi har gadon baya? Takardun filayena ne fa a ciki.

Sai wani ruri ya tashi daga saman bishiyoyi, irin wanda ke sa mutum ya tuna duk bashin da ake bin sa.

ALHAJI: Innalillahi! Zaki!

ƊAN BOKO: Biri ne, Kawu. Babu zaki a nahiyar nan. Damisa dai akwai.

ALHAJI: Na san biri ne. Gwada ka nake yi.

(Yana faɗin haka ne hannunsa biyu na damƙe da rigar ɗan jagora.)

ALHAJI: Wai su wa ka ce suka gina wajen nan?

ƊAN BOKO: Maya.

ALHAJI: Mayu? Jirgi uku na hau, a kowane fili sai an juya koren fasfona kamar ana gasa tsire, ashe duk don ka kawo ni garin mayu da asuba?

ƊAN BOKO: Maya, Kawu, sunan al'umma ne. Har gobe suna nan, miliyoyi, da harsunansu. Wannan da ka riƙe ma ɗansu ne.

Alhaji ya saki rigar a hankali, ya gyara mata wuya, ya yi wa mutumin murmushi irin na wanda ya zo neman aure.

ƊAN BOKO: Ga dalar can. Ita ce ta huɗu, ta fi duka tsawo, kusan mita 70.

ALHAJI: Dala nawa?

ƊAN BOKO: Ba ta kashewa ba. Dala irin ta gyaɗa.

ALHAJI: Yaro, ni za ka nuna wa dala? A gindin Dala aka binne cibiyata. Dalar gyaɗa, mahaifina ya ɗora buhu a kanta. Dalar Amurka kuwa, je ka Wapa ka tambaya. Dala uku na sani kafin a haifi uwarka, kai sai yau ka ga ta huɗu.

Matattakalar katako ake bi a hau. Alhaji ya tsaya a kwana ta farko, ya tsaya a ta biyu, a ta uku ya zauna a kan akwati.

ƊAN BOKO: Ka gaji ne?

ALHAJI: Aikin kafinta nake dubawa. Ƙusa uku ya sa inda ya kamata ya sa huɗu.

ƊAN BOKO: Amma haki kake yi.

ALHAJI: Lazimi nake. Kai da ba ka yi, ina za ka san sautinsa?

Sun isa sama gari na wayewa. Hazo ya rufe dajin kamar an baza auduga, kawunan wasu dalolin sun leƙo daga ciki. Turawa sun yi tsit, wata har da hawaye. Ɗan jagora na magana ƙasa-ƙasa da Sifaniyanci, Ɗan Boko na juyawa.

ƊAN BOKO: Ya ce wadda muke kai an gina ta wajen shekara ta 741. Waccan mai mita 47, kabarin uban sarkin da ya gina wannan ne a ƙarƙashinta. Ba su da ƙarfe, ba su da jaki, da ka aka yi dakon dutsen. Kuma garin ba shi da kogi. Tafkuna suka haƙa, suka shafe su da farar ƙasa, suna tara ruwan sama ya kai dubban mutane har rani ya wuce.

ALHAJI: Babu kogi suna shan ruwa? Mu ga Tiga ga Challawa, amma kullum sai na leƙa titi neman ɗan garuwa. Tambaye shi ko injiniyan nasu ya bar jika.

ƊAN BOKO: Wajen shekara ta 900 garin ya mutu, mutane suka watse, daji ya haɗiye shi.

ALHAJI: Ka ce kango ne.

ƊAN BOKO: Kufai na tarihi.

ALHAJI: Kango. Babu mai shi.

Nan idon Alhaji ya buɗe fiye da yadda fitowar rana ta buɗe shi. Ya zuge akwati, ya fito da tef na awo.

ALHAJI: Riƙe min bakin nan. Tambaye shi ina gidan mai unguwa.

ƊAN BOKO: Kawu, wajen ya haura murabba'in kilomita 570, kuma tun 1979 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya.

ALHAJI: Ita Uneskon nawa ta saya? In ƙara mata. Duba can, a baje waccan gajeriyar, a jera shago ashirin a gaba, gidan mai a kwana. Wannan doguwar a bar ta, kamfanin waya zai so kafa eriya.

ƊAN BOKO: Ko tsakuwa ka ɗauka a nan sai ka kwana a hannun hukuma.

ALHAJI: Kai ji tsanani! Mu ma ai muna da ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu, shekara ɗari tara, ba mu taɓa takura wa kowa a kanta ba.

ƊAN BOKO: Yanzu tana ina?

ALHAJI: Tana nan lafiya. Shagunana uku ma a kanta suke zaune.

(A nan marubuci ya so ya yi dariya, sai ya tuna hanyar da yake bi kullum zuwa aiki, ya fasa.)

Tafiyar kudu ba ta da wani labari, sai motar da ta kwashe su daga babban birni zuwa Antigwa. Tsofaffin motocin 'yan makarantar Amurka ne ake kawowa, a yi musu fenti kala bakwai, a cusa manya uku a kujerar yara biyu. Alhaji ya samu wuri tsakanin wata tsohuwa da kwandon talotalo.

ALHAJI: Alhamdulillahi. Ashe ba mu kaɗai muke cin gwanjon Amurka ba.

ƊAN BOKO: Ga abinci, Kawu.

ALHAJI: Wainar masarar nan da aka danne da baƙin wake? Da safe ita, da rana ita, da dare ita. Ko ɗan kurkuku ana canza masa ranar Sallah.

Ya cinye guda tara.

Washegari, gindin Pakaya, dutse mai aman wuta, mita 2,552. Yara na bayar da hayar sanda, masu dawaki na bin masu hawa a baya.

MAI DOKI: Taksi! Taksi!

ALHAJI: Me yake cewa?

ƊAN BOKO: Dokin ne taksi. Kezal ɗari, kuɗin ƙasar nan, ya kai ka sama.

ALHAJI: Ce masa ashirin.

ƊAN BOKO: Ya ce albarka.

ALHAJI: Ce masa ba ma na so. Ni da na hau Kogon Hira a hajjina na bakwai, ina azumin nafila, ina jan wani Bature sabon musulunta a baya.

ƊAN BOKO: Jiya ka ce hajji na biyar ne.

ALHAJI: A duka biyun na hau.

Mai doki bai ce komai ba. Ya dai biyo su, taku ɗaya a bayan Alhaji, shi da dokin suna kallonsa kamar ungulu ta ga rago marar lafiya. Can nesa wani dutsen ya yi tari, baƙin hayaƙi ya miƙe sama.

ƊAN BOKO: Fuwego ke nan. Bini-bini yake yin haka. A 2018 ya yi babban aman da ya binne ƙauyuka.

ALHAJI: Dutse na aman wuta, ku kuma kuna biyan kuɗi ku je ku leƙa bakinsa? A garinmu in gobara ta tashi…

ƊAN BOKO: Taruwa ake yi a ɗauki bidiyo.

ALHAJI: Amma ai kyauta ne!

Bayan rabin awa babbar riga ta koma kafaɗa, hula ta koma aljihu, akwati ya rasa taya ta biyu.

MAI DOKI: Taksi?

ALHAJI: Tambaye shi yanzu nawa. Ai mun ci rabin hanya, hamsin ke nan.

ƊAN BOKO: Ya ce ɗari da hamsin.

ALHAJI: Hanya na raguwa kuɗi na ƙaruwa? Wane irin lissafi ne wannan?

ƊAN BOKO: Ya ce kakanninsa sun san sifili tun Turawa ba su san shi ba, kada ka koya masa lissafi. Ya ce ba hanya yake aunawa ba, kai yake aunawa.

ALHAJI: Wallahi yaron nan ɗan Kwari ne. A bincika asalinsa.

Suka ƙara gaba. Alhaji ya tsaya duba wata ciyawa, ya tsaya ɗaure igiyar takalmin da ba shi da igiya, ya tsaya tambayar alƙibla alhali ko hantsi bai gama ba.

MAI DOKI: Taksi. Ɗari biyu.

ALHAJI: Kawo dokin.

ƊAN BOKO: Kawu ka sallama ke nan?

ALHAJI: Wa ya sallama? Akwati ne ya gaji, ba ka ga ba shi da ƙafa ba? Shi za a ɗora. Ni zan hau ne kawai in riƙe shi kada ya faɗo.

A sama ƙasa baƙa ƙirin ce, narkakken dutse da ya daskare, zafi na fitowa ta ramuka. Turawa na soka wata farar alewa mai laushi a tsinke suna gasawa. Alhaji ya ce bai san da me aka yi ta ba, ya zaro kilishin da ya tsallake kwastan uku a tsakanin takardun filaye, ya shimfiɗa a bakin rami. Ƙamshi ya tashi. Wani ƙauri ma ya tashi.

ƊAN BOKO: Kawu, takalminka ne.

ALHAJI: Na sani. Dama ya matse ni, sakin shi nake.

Ya koma kan doki da sauri, ya mayar da hula, ya baza riga, ya sa a kira masa gida ta bidiyo. Awa bakwai ke tsakani, a Kano la'asar ta yi sakaliya.

HAJIYA: Alhaji, ina ne nan kamar an ƙone bola?

ALHAJI: Hajiya, kan dutsen wuta nake. Da ƙafata na hau, Turawa na faɗuwa ina ɗaga su.

HAJIYA: To wannan kunnen da nake gani a gabanka na wane ne?

ALHAJI: Sarkin garin ne ya aiko a yi min hawa. Kin san ba a mayar da kyautar sarki.

MAI DOKI: Saukowa ɗari biyu.

HAJIYA: Me dogarin yake cewa?

ALHAJI: Kirari yake min. Sabis ya yanke, Hajiya, sai anjima.

ƊAN BOKO: Kawu, jibi sai Kopan a Honduras, garin sarkin da ake wa laƙabi Zomo Sha Takwas. Daga nan Nikaragwa, dutsen Sero Negro. Shi mita 728 ne kawai, amma da allon katako ake hawa a baya, in an kai sama a zauna a kai a sulalo.

ALHAJI: A baya? Goyo ke nan?

ƊAN BOKO: Goyo ne, Kawu.

Alhaji ya daɗe yana kallon takalminsa. Sannan ya sunkuya wajen mai doki.

ALHAJI: Yaro, tambaye shi. Dokin nan yana da fasfo?