Babur ɗin fim ba a fenti ake gane shi ba

Duk lokacin da jarumin fim ya tashi sama da babur, musun da ke biyo baya a majalisun Tudun Wada da Samaru a Zariya bai wuce na sunan babur ɗin ba. A ganina yawancin masu musun suna kallon abin da masu fim suka so a kalla ne, wato fenti da tanki da sitika, alhali waɗannan su ne suka fi komai sauƙin sauyawa. Da bakaniken Sabon Gari za a nuna wa hoton, inji da ƙafa zai fara dubawa, kuma shi ke da gaskiya.

A fim ɗin The Great Escape na 1963, an nuna Steve McQueen yana tserewa a kan babur ɗin sojan Jamus, amma Triumph TR6 ne ƙirar Ingila aka shafe da fentin soja, kuma Bud Ekins ne ya tsallake shingen wayar a madadinsa. BMW ɗin sojan Jamus silindojinsa biyu a kwance suke, ɗaya ya leƙo dama ɗaya hagu, kuma ba ya amfani da sarƙa. Na fim ɗin kuwa silindojinsa a tsaye suke kafaɗa da kafaɗa, ga sarƙa tana jan ƙafar baya. Wannan kaɗai ya isa ya kashe musu.

Haka aka yi a Skyfall na 2012, inda aka yi wa Honda CRF250R shigar babur ɗin ɗan sanda da na ɗan kasuwa domin tsere a kan rufin babbar kasuwar Istanbul. An ƙara fitila, an sauya launi, amma ƙashin bayan yana nan. Babur ɗin daji irin CRF ƙafarsa ta gaba siririya ce mai inci 21, da wayoyi a cikinta maimakon ƙarfen zubi, tayar kuma mai manyan haƙora. Shokozobar gaba doguwa ce, tana iya lotsawa kusan santimita 30, ta baya kuwa guda ɗaya ce tak a ƙarƙashin kujera. Mai son ganin bambanci ya leƙa Kwangila ya dubi Boxer ɗin 'yan acaɓa, da gajerun shokozobobinta biyu a gefe da gefe, zai gane dalilin da ya sa ba za ta yi irin dirar da ake yi a fim ta tashi lafiya ba.

Ƙara ma ba shaida ba ce, domin a ɗakin tace sauti ake ɗora ta. A Terminator 2 na 1991, yaron fim ɗin yana kan Honda XR mai inji irin na baburanmu na yau, amma aka sanya masa kukan injin da ake gauraya wa baƙin mai da fetur, irin na tsohuwar Vespa. A babur ɗin daji, irin wancan inji da salansarsa ake gane shi, domin tana kumbura a tsakiya kamar tulu, ta XR kuwa siririya ce har ƙarshe.

A fim ɗin ne kuma aka dirar da Harley-Davidson Fat Boy cikin magudanar ruwa. A nan ba a musanya babur ba, sai dai nauyinsa ya kusa kilo 300, kusan ninki uku na CRF, don haka da igiyoyin ƙarfe aka sauko da shi, daga baya aka goge su da kwamfuta.