Ga ɗan'uwana da ke kokawa da sigari

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, kai da ka sha cewa wannan shi ne karan ƙarshe amma gari na wayewa ka sake kunnawa, da kai nake magana, kuma wallahi ba gori zan maka ba.

Abin da ya fi kayar da masu son dainawa shi ne ƙuncin nan da ke biyo baya. Kwana biyu ba ka sha ba sai ka ji duniya ta yi maka zafi, abu kaɗan ka hau faɗa, barci ya ƙi zuwa, ga wani nauyi a ƙirji da ba ka san dalilinsa ba, har sallah ka tsaya amma hankalinka na wani wuri. A nan ne shaiɗan yake raɗa maka wai ai kai ba za ka iya ba, imaninka ne ya yi rauni. Ƙarya yake. Nikotin ne, sinadarin da ke cikin taba. Zuƙa ɗaya cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, ya sa ta saki dopamin, sinadarin jin daɗi, to da ta saba sai ta riƙa jiran sa, in bai zo ba ta jefa ka cikin ƙunci. Wannan natsuwar da kake ji in ka busa, ƙuncin da sigarin da kansa ya haddasa ne yake ɗan ɗauke maka, anjima ya dawo da shi. Yawanci abin ya fi tsanani a kwana 3 na farko, cikin sati 2 zuwa 4 yana raguwa sosai, shi kuwa kwaɗayin in ya taso 'yan mintoci ne ya lafa. In ya zo tashi ka yi alwala, ka sha ruwa, ka fita ka ɗan taka, ka yi addu'ar da Annabi (SAW) yake yawan yi: Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan. Ka tuna da azumi ma, daga alfijir har magariba ba ka taɓawa, ashe dai kana iyawa.

Masu sigarin lantarki kuma kar ƙamshi ya ruɗe ku, mafi yawansu da nikotin a ciki, kuma tunda ba a ganin kara na ƙarewa sai mutum ya wuni yana zuƙa bai sani ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, Allah kuma Ya ce a Suratul Baƙara aya ta 195 kada mu jefa kanmu cikin halaka. Jikin nan amana ne. Don haka neman magani ba ya rage tawakkali, akwai filasta da cingam na nikotin, akwai ƙwayoyin da likita ke rubutawa. In kuma ƙuncin ya wuce makonni bai sake ka ba, ko ka fara jin rayuwar ma ta ishe ka, don Allah kar ka yi shiru, ka ga likita a ranar, ka faɗa wa wani naka.

In ka zame ka sha kara ɗaya kar ka ce shikenan bari in ƙarasa kwalin. Yi istigfari, ka zubar da sauran har da laitar, ka ci gaba daga inda ka tsaya. Ku kuma iyaye da mata da abokai, ku yi haƙuri da fushinsa na satin farko, ku sa shi a sujjada. Allah Ya yaye mana baki ɗaya, amin.